SARKIN RUWA: TUNAWA DA YAYANA DA SAƘON DA YA BAR MANA

(Jawabin da aka gabatar a zauren makaranta, ranar taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro saboda damar da ya ba ni ta tsayawa a gabanku. Kamar yadda aka saba, kowace shekara akan karanto sunayen 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, a yi musu addu'a, sa'an nan a shiga sauran abubuwan da ke cikin ajanda. To, bana sunan yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin waɗanda aka karanto. Yawancinku ba ku ma san shi da sunansa na yanka ba, sai dai laƙabin da 'yan ajinsu suka sa masa, wato Sarkin Ruwa, don haka ni ma da shi zan kira shi. Kwamiti ya nemi in faɗi wani abu game da rayuwarsa, na kuwa amsa ba tare da jinkiri ba, domin shi da kansa ya bar mini saƙo zuwa gare ku tun yana kwance, ya ce kada in isar da shi ko'ina sai a wannan zaure.

An haife mu a wani ƙauye cikin ƙasar Bunkure, shi ne babba, ni ne auta a cikin maza. Waɗanda suka girme mu za su tuna yadda wannan yanki yake kafin zuwan ruwan Tiga. Da an gama kaka, an kai gero da dawa rumbu, sai gari ya watse. Magidanta su tafi cin rani Kano ko kudu, a bar tsofaffi da mata da yara. Mai ɗan lambu a bakin rafi shi ne mai jigo, yana ɗaga ruwa guga-guga tun asuba, abin da zai shayar kuwa bai wuce 'yan fangulla ba. Gwamnatin marigayi Audu Baƙo ce ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka kammala ta cikin 1974. Daga can aka jawo babban kanal, ruwa yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura, aka yanka gonaki eka-eka, aka kafa tashar binciken noman rani a Kadawa. Cikin 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Mu yara a lokacin ba ruwanmu da wannan tarihi duka. Abin da muka sani shi ne, ga kogi an kawo mana har ƙofar gida. Da an taso daga makarantar allo ko ta boko, sai kanal. A can muke wanka, a can muke wanki, a can muke koyon iyo, musamman da tsakar rana in zafi ya tsananta. Yaya kuwa ba wanda ya kai shi iya nutso.

Ya shigo wannan makaranta cikin 1976, ni kuma na biyo bayansa da shekara biyu. Malaminmu na aikin gona, wanda ga shi nan zaune Allah ya ƙara masa lafiya, shi ne shaidata kan yadda laƙabin ya samo asali. Akwai wani ruwa da yake malala daga famfon bayan ɗakin cin abinci, ya taru ya zama taɓo, sauro na hayayyafa a ciki. Yaya yana aji biyu ya ɗauki fartanya, ya yi kwana uku yana haƙa 'yar hanya daga famfon har lambun makaranta, ya raba ta gida huɗu, ya sa marfin gwangwani a bakin kowace, kamar yadda ya ga ana yi a kanal. A shekarar nan muka ci salak da albasa na lambunmu har cikin bazara. Daga ranar sunansa ya ɓace. Har Shugaban Makaranta na lokacin in zai kira shi a wajen asambuli, Sarkin Ruwa yake cewa.

Bayan ya gama aji biyar ya tafi Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, ya dawo gida a matsayin malamin gona, aka ɗora shi kan rabon ruwa. Wanda bai yi noman rani ba zai ɗauka aiki ne mai sauƙi, a buɗe ƙofa a rufe ƙofa. Amma duk manomin da ke cikin zauren nan ya san cewa a kan ruwa ake ɓatawa tsakanin wa da ƙane. Mai gona a bakin kanal yakan sha ya ƙoshi, har ya yi ambaliya, na can ƙarshe kuwa yana kallon tumatirinsa yana yaushi. Yaya ya tara manoman sashensa ya ce daga yau daga ƙarshe za a riƙa farawa, a biyo zuwa sama. Manya suka yi ca, aka kai ƙararsa gun dagaci, aka kai gun na gaba da shi. Bai ja da kowa ba, sai dai kullum da asuba za ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa, da littafi a aljihu, yana bin ƙofa-ƙofa. In aka kai masa kwandon tumatir gida da dare, da safe mai shi zai tarar da kwandonsa a ƙofar gidansa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Da aka ga ba ya lanƙwasuwa, sai aka bi tsarin, har waɗanda suka kai ƙararsa suka dawo suna yaba shi. Hausawa na cewa gaskiya ɗaci gare ta, amma in ta daɗe a baki takan yi zaƙi.

Duk wani sauyi da ya zo wa wannan yanki, da shi aka gani. Sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje cikin 1987, Kadawa da kewaye suka koma kore shar da alkama cikin hunturu, shi ne yake bi gona-gona yana roƙon mutane su shuka cikin Nuwamba, kada su bari sanyi ya wuce su. Ya ga yadda shinkafa ta mai da Kura gari na injinan casa da mata masu turara. Ya ga manyan motoci jere a Kwanar Gafan ana loda kwanduna zuwa Ikko, ya kuma ga ranakun da kasuwa ke faɗuwa har a shanya tumatir a gefen titin Zariya don kada a yi asara duka. Cikin 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta fara aiki a Kadawa, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Na ga magidanta sun zo zaurensa suna hawaye, ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya yana lissafa musu abin da za su shuka a madadin, don kada su sayar da gona. Ko bayan ya yi ritaya zauren nan bai taɓa rabuwa da baƙi ba.

To, jama'a, yanzu na zo kan abin da ya kwantar da shi, ina kuma roƙon iyayenmu su yi mini afuwa, domin zan ambaci abin da ba a saba ambata a bainar jama'a ba. Shi ya ce in faɗa ba tare da sakaye ba.

Duk wanda ya tashi a bakin kanal a zamaninmu ya san tsargiya. Yaro zai yi fitsari, a ƙarshensa jini ya biyo. A wancan lokaci ba a ɗauke ta cuta ba. Wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce alamar balaga ce, yaro ya zama namiji. A ɗakin kwananmu na wannan makaranta har dariya ake yi wa wanda bai taɓa yi ba. Yaya ya yi ta tun yana firamare, ta zo ta tafi, ta sake dawowa, daga baya jinin ya ɗauke, kowa ya manta. Ga shi kuma aikinsa na shekara da shekaru a cikin ruwa yake, wando naɗe zuwa gwiwa, yana cire kacala da ciyawa daga bakin ƙofofi.

Abin da likitoci suka bayyana mana daga baya shi ne, tsargiya wata tsutsa ce ƙarama ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano ta a Alƙahira ta ƙasar Masar cikin 1851. Mai cutar in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar gefen ruwa. A cikinsa suke yawaita, sa'an nan su fito, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Ta fata suke shiga jikin mutum, ko da bai kurɓi ruwan ba. Su je su zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen su fita da fitsari, su ne ke jawo jinin, wasu kuwa su maƙale a jikin mafitsara su yi ta cin ta a hankali. Ɗaukewar jini ba ta nufin an warke. A jikin wasu mutane, bayan shekaru masu yawa, wannan tsohon miki yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka tun cikin 1994. Ba kowane mai tsargiya ne ke kaiwa ga wannan ba, kaɗan ne daga ciki, amma Yaya yana cikin kaɗan ɗin. Da aka yanki ɗan nama daga mafitsararsa aka kai ɗakin gwaji, an tarar da tsofaffin ƙwayayen nan a ciki sun sandare.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ina zargin ruwan Tiga. Shi kansa marigayi ba zai yafe mini ba in na yi haka. Tsargiya tana nan a kududdufai da rafuka tun kafin a haƙa kanal, kuma duk inda aka tare ruwa a wannan nahiya takan ƙaru. Haka aka gani a gonakin Jazira na ƙasar Sudan, haka aka gani a tafkin Bolta na Gana bayan gina madatsar Akosombo cikin 1965, haka kuma a kogin Sanagal bayan madatsar Diyama cikin 1986. Ruwan nan shi ya biya mana kuɗin makaranta, shi ya kai iyayenmu Makka, shi ya hana gari watsewa da rani. Yaya yakan ce ruwa kamar wuta yake, ba a fasa girki don tana ƙuna, sai dai a koyi riƙe ta.

Jinin ya dawo masa ne yana da shekara sittin da 'yan kai, ba zafi, ba ciwo. Ya ɗauka tsohuwar abokiyar ce ta waiwayo shi. Ya je wani kemis aka ba shi ƙwayoyi, jini ya tsaya mako biyu ya dawo. Aka ce sanyi ne, aka kawo saiwoyi da sassaƙe. Aka yi kusan shekara ana wannan, mutum yana ramewa, har ranar da fitsarin ya ƙi fita sam, muka ɗauke shi cikin dare zuwa Kano. Aka yi hoto, aka zura na'ura mai fitila aka duba cikin mafitsara. Likita ya kira ni gefe ya ce ciwon ya riga ya fita daga mafitsara, ya toshe hanyar ƙoda, ya taɓa ƙashi. Ya ce da a watannin farko aka zo, da akwai aikin da za a yi.

Dangi suka taru suka ce kada a gaya masa, kada zuciyarsa ta karye. Haka al'adarmu take, kuma tausayi ne ke kawo ta. Amma ba a kai ga yanke shawara ba ya riga mu. Da likita ya shigo zagaye da safe, sai Yaya ya ce masa, "Likita, ni manomi ne. In damina ta ƙare ba a ɓoye wa manomi, domin yana da abin da zai kwashe. Gaya mini nawa ya rage." Likitan nan, Allah ya saka masa da alheri, ya jawo kujera ya zauna, ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ranar kowa Allah kaɗai ya sani, amma a ganinsu na likitoci maganar watanni ce. Yaya ya yi shiru kaɗan, ya yi hamdala, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Auta, je ka nemo mota, gida za mu."

Wata tara ya yi bayan wannan rana, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi amfani da wata tara kamarsa ba. Ya sa aka kawo littattafansa na aljihu, ya bi su shafi-shafi. Duk wanda yake binsa ko da kuɗin buhun taki ne, ya aika aka kira shi ya biya. Waɗanda yake bi, masu hali ya ce su ba iyalinsa, marasa hali ya ja layi a kan sunansu a gaban shaidu. Ya kira malamai ya yi wasiyya, ya nuna iyakar kowace gona, don kada 'ya'ya su yi shari'a a bayansa. Ya aurar da 'yarsa da aka sa wa rana, ya ce a matso da bikin yana da sauran ƙarfin zama. Akwai wani dattijo da suka yi shekara ashirin ba sa ga-maciji tun rikicin rabon ruwa, ya sa aka ɗauke shi a mota har ƙofar gidansa ya nemi gafara, suka rungume juna suna kuka.

Ba zan ce muku jinyar ta zo da sauƙi ba. Ciwon daji in ya kama ƙashi, raɗaɗinsa ba ya misaltuwa. Akwai dararen da uwargidansa, wadda ta yi haƙurin da ba zan iya kwatanta shi ba, takan zauna tana riƙe da hannunsa har kiran assalatu. Abin da ya taimake mu shi ne maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi da likitoci suka rubuta, wato mofin na sha, ana ba shi a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba. Wasu suka ce kada a ba shi, wai yana sa maye. Amma da shi ya samu ya riƙa yin salla a zaune da hankalinsa, ya yi hira da jikokinsa. Ina faɗin wannan ne don wanda Allah ya jarrabe shi da irin wannan jinya ya san cewa ko an ce ba magani, akwai sauran abin da asibiti zai yi, kuma neman sauƙi ga majinyaci ba rashin tawakkali ba ne.

Aka sa masa gado a zaure, domin ya ce ba zai kwanta a ƙuryar ɗaki kamar wanda ya yi laifi ba. Manoma suka ci gaba da zuwa, yana kwance da robar fitsari yana raba musu gardama. 'Yan ajinsu da dama sun zo, wasu tun daga Kaduna da Abuja, ina kuma gode muku a madadin iyali. Ranar da kuka zo ku bakwai kuka yi ta tuna masa marfin gwangwani, ya yi dariya har da hawaye, a daren nan kuwa ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ku sani zuwa dubiya ya fi zuwa ta'aziyya amfani ga mai shi. Ya cika da asubar wata Juma'a, cikin ƙarshen hunturu, alkama ta yi zangarniya ana jiran yanka. Mutanen da suka bi gawarsa, rabinsu da taɓo a ƙafa, daga gona suka taho.

Ga saƙon nasa, kashi uku ne.

Na farko zuwa ga tsararrakinsa, wato mu da muka yi wanka a kanal shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. Ya ce duk wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, kada ya tsaya a kemis, kada ya ce tsargiyar yara ce. Ya tafi babban asibiti a yi masa gwaji da hoto a makon nan. Mata ma haka, domin su ma sun yi wanki a ruwan. Mai shan taba kuma ya bari, domin ita ma babbar hanya ce ta ciwon dajin mafitsara. Kunya ba ta taɓa warkar da kowa ba.

Na biyu zuwa ga malamai da iyaye. Tsargiya tana da magani, sunansa praziquantel, ana sha ne gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, bayan an ci abinci. Tun cikin 2007 kamfanin Merck na Jamus ya fara ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya don 'yan makaranta. In ma'aikatan lafiya suka zo rabo, kada a hana yara sha saboda jita-jita. A kuma tuna da almajirai da yaran da ke gona, waɗanda ba sa cikin rajistar kowa. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana sabuwa shiga, don haka sai an riƙa maimaitawa. A hana yara fitsari a kanal. Ruwan wanka in daga kanal aka ɗebo, a bar shi ya kwana biyu a mazubi ko a dafa shi. Mai aiki a cikin ruwa ya sa dogon takalmin roba.

Na uku zuwa ga wannan ƙungiya. Ya ce mun gina ajujuwa, mun sayi kujeru, mun ba da kofuna, duka sun yi kyau. Yana roƙon a ware wani abu daga asusun bana a gyara rijiyar burtsatse da makewayin ɗalibai, don kada yaro ya rasa ruwa ya nufi kanal, a kuma haɗa kai da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a riƙa gwada fitsarin ɗalibai sau ɗaya kowace shekara. Cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya da masu gwaje-gwaje, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. Iyalinsa sun amince a sa kuɗin amfanin eka ɗaya ta gonarsa na bana a matsayin gudummawar farko. Ya Shugaba, na ajiye wannan a gabanka, ina fata za a tattauna shi kafin a tashi.

Ku kuma ɗalibai da ke zaune a baya, na ga wasunku suna sunkuyar da kai tun da na fara wannan magana. Duk wanda ya san yana da wannan larura, ya sami malamin ajinsa ko mai kula da ɗakin shan magani gobe da safe. Ba laifi ka yi ba, ba kuma abin dariya ba ne.

Daga ƙarshe, ina roƙon duk wanda marigayi ya ɓata wa, a makaranta ko a bakin aiki, ya yafe masa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya ji ƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da aka karanto sunayensu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau da imani. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.